Gaskiya, amana da adalci: abin da Kiristocin jahar Maradi ke koya wa ƴaƴansu

 Kowace kaka, da an fara ɗaurin dammuna, maganganu uku ne ke cika ƙofar maigari: tiyar da aka tauye, iyakar gona da aka ci, da bashin da aka musanta. Shi ya sa yau muka duba yadda maƙwabtanmu Kiristoci ke gina tunanin yaransu a kan gaskiya da riƙon amana da adalci, don wanda ake zaune da shi, ya kamata a san abin da ya yi imani da shi.

Kiristoci a Nijar kaɗan ne. A ƙidayar 2012 ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma a jaharmu sun daɗe. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma suka kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maradi. Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa a 1932. Daga wannan aiki ne cocin EERN ta fito a farkon shekarun ƴancin kai, tana horar da fastoci da Hausa a makarantarta ta Agye. Ƴan Katolika su ma sun samu bishof nasu a Maradi tun 2001. Wato yawancin Kiristocin nan Hausawa ne irinmu, gero suke nomawa, kasuwa ɗaya muke ci.

To, yaya ake koyarwar? Hanya uku ce: karatun littafi a gida, darasin yara ranar Lahadi, da wa'azin fasto. Kuma galibi da labari ake yi, kamar yadda kaka ke yi wa jikoki.

Labarin da ya fi shafar manomi shi ne na Nabot. Talaka ne mai gonar inabi ta gado kusa da fadar Sarki Ahab. Sarki ya nemi ya saya ko ya yi masa musaya, Nabot ya ƙi, domin gadon iyaye ne. Sai matar sarki ta sa aka kawo mutum biyu suka yi masa shaidar zur, aka kashe shi, sarki ya shiga gonar. Annabi Iliya ya tare shi a cikin gonar, ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Kun ga darasin: mai mulki shi kaɗai bai iya cin gonar talaka ba, sai da ya samu masu yi masa ƙarya. Don haka yaron da aka koya wa ƙin shaidar zur, wadda Dokoki Goma suka hana, an koya masa kare gonar wani ke nan.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye, su Kofo, daga ƙauye har gunduma. Amma ko a gaban kwamiti, ko gaban maigari ko sarki, abin da ake nema shi ne dattijon da zai ce ga inda gambar iyaka take tun zamanin kakanni. In ya karkata saboda surukuta ko ɗan goro, takarda ba ta da abin da za ta gyara. Littafin Kiristoci ya hana gusar da alamar iyakar maƙwabci, ya kuma ce Allah na ƙyamar ma'aunin algus. Musulmi zai ji wannan bai zame masa baƙo ba, tunda akwai sura guda a Alƙur'ani da ta fara da gargaɗin masu tauye mudu.

Sai amana. A nan labarin da ake yawan ba yara shi ne na wani mai karɓar haraji a Yariko, sunansa Zakka. Da ya tuba a gaban Yesu, bai tsaya ga nadama ta baki ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Abin da ake so yaro ya riƙe shi ne, tuban da babu mayar da haƙƙi a cikinsa bai cika ba. Ƴan uwa na Libiya, Aljeriya, Legas da Abijan, kun fi kowa sanin nauyin wannan. Mutum ya aiko jika ɗari a sayi taki ko a fara gini, ya dawo ya tarar da labari. Wanda aka ba kuɗin, addininsa ko wane ne, an gwada shi a nan.

Adalci kuwa, a koyarwarsu, ya haɗa da tsaya wa wanda jama'a ta ture gefe. Misalin da ke kusa da mu shi ne likitar Danja, kudu da Maradi, wadda SIM ta buɗe a 1956 don masu cutar kuturta, a lokacin da ko kwano ba a haɗawa da su. A 2012 aka ƙara cibiyar yi wa mata aikin yoyon fitsari. Mafi yawan masu zuwa can Musulmi ne.

Babbar jarrabawa ta zo ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. An ƙona coci-coci da dama, an rasa rayuka. Shugabannin Kiristoci sun fito sun yi kira ga mabiyansu da su yafe, kada a rama. An kuma samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. A fahimtarsu, yafiya na nufin barin ramuwa da hannu, amma faɗin abin da ya faru yadda ya faru, da neman hukuma ta yi aikinta, suna nan daram.

Ba mu ce kowane Kirista haka yake ba, kamar yadda ba kowane mai zuwa masallaci ke cika tiya ba. Wa'azi kan ƙare da azahar, sauran aikin yana kasuwa da gona. Ran da za a kira ka shaida a kan gambar iyaka, ko ƙanenka ya bugo daga Tamanrasat yana tambayar kuɗin da ya aiko, ranar ce za a san abin da aka koya maka a gida. Allah ya ba mu kaka mai albarka da zaman lafiya.