Inci 27.5: Yadda Ake Tsara Keken Hawan Tsauni Mai Matsakaiciyar Taya

A ranar 12 ga Agusta, 2012, a gonar Hadleigh da ke lardin Essex a Ingila, mahaya biyu suka tunkaro ƙarshen tseren keken hawan tsauni na gasar Olamfik ta Landan kafaɗa da kafaɗa. Bayan kusan awa ɗaya da rabi ana fama da duwatsu da gangara, Jaroslav Kulhavý na Jamhuriyar Cek ya riga Nino Schurter na Suwizalan da daƙiƙa ɗaya tak. 'Yan kallo sun tafi gida da labarin ƙarfin ƙafa, amma maƙeran kekuna tayoyin suka zuba wa ido. Kulhavý ya hau keke mai taya inci 29, Schurter kuwa mai inci 27.5, girman da a lokacin mahaya ƙalilan ne suka taɓa gani. Daga nan muhawara ta yi zafi: shin matsakaiciyar taya ce amsar da aka daɗe ana nema?

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane dalilin tambayar. Wannan wasa ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, inda wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn masu kaurin taya. Tayoyin inci 26 ne, ba don wani bincike ya nuna sun fi dacewa ba, sai don su ne a hannu. Joe Breeze ya ƙera keken farko da aka yi musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da Stumpjumper a 1981, duk a kan wannan girma. Haka inci 26 ya yi sarauta sama da shekara ashirin. A 1999 kamfanin WTB ya fitar da taya mai kauri ta inci 29, Gary Fisher ya rungume ta, mahaya suka rabu gida biyu.

Girman tsakiya ba sabo ba ne. Faransawa sun daɗe suna amfani da shi a kekunan doguwar tafiya, suna kiransa 650B. Wani Ba'amurke mai tsara kekuna, Kirk Pacenti, shi ya farfaɗo da shi a 2007 lokacin da ya sa kamfanin Panaracer na Japan ya yi masa tayar hawan tsauni a wannan ma'auni. Shekara shida bayan haka, kamfanin Giant na Taiwan ya mai da yawancin kekunansa na tsauni kan inci 27.5, sauran kamfanoni suka bi sahu, inci 26 ya ɓace daga shagunan Turai da Amurka cikin ɗan lokaci.

Abu na farko da mai tsara keke zai lura da shi shi ne sunan yana da ruɗi. Idan aka auna rim, wato gargaren ƙarfen da taya ke zama a kai, na inci 26 milimita 559 ne, na 27.5 milimita 584, na 29 kuma milimita 622. Ashe matsakaiciyar tayar ba a tsakiya take ba: ta ɗara ƙaramar da milimita 25, babbar kuwa ta ɗara ta da milimita 38. Halinta ya fi kusa da na inci 26, kuma wanda ya manta da haka zai ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Babbar taya tana da fifikon da ba a musu. Idan ta haɗu da dutse ko saiwar itace, tana hawa kansa a hankali, ba ta dunguri kamar ƙarama, tana kuma riƙe gudu idan ta ɗauka. Amma tana da nauyi, tana jinkirin tashi, kuma tana cin wuri. Wannan cin wurin shi ne ainihin abin da ke ba matsakaiciyar taya daraja. Gajeren mahayi a kan inci 29 yakan tarar kan keken ya yi masa tsayi, yatsun ƙafarsa na iya taɓa tayar gaba a kwana, idan kuma ya ja jiki baya a gangara mai tsini, tayar baya ta goge shi. Inci 27.5 yana buɗe wa mai tsarawa fili, ya gajarta inda yake so ba tare da ya ɓata daidaiton keken ba.

Saboda haka tsarin da ya dace yana farawa ne daga jikin mahayi da irin ƙasar da zai bi, sannan a zo kan ƙarfe. A ce ana son keke na hanyar daji mai duwatsu, da kwana-kwana, da hawa da sauka. Ma'auni mafi tasiri shi ne kwanciyar ƙafar gaba mai riƙe taya. Kekunan shekarun 1990 sukan tsaya a wajen digiri 71, abin da ke sa su saurin juyawa amma su riƙa neman kifar da mahayi ta gaba a gangara. Na yanzu sukan kwanta tsakanin digiri 64 da 66. Ga matsakaiciyar taya, wadda ba ta da natsuwar babba, wannan kwanciya tana rama abin da aka rasa. Sandar sirdi kuma a miƙe ta zuwa digiri 76 ko kusa da haka, domin nauyin mahayi ya zauna a tsakiya lokacin hawan tudu, tayar gaba kada ta ɗaga.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin cibiyar feda da cibiyar tayar baya. Da inci 27.5 ana iya tsayar da ita a wajen milimita 425 zuwa 435, keken ya yi sauƙin ɗaga kai da shan kwana. Sai dai kada zumuɗi ya sa a gajarta fiye da kima. Dogon mutum a kan keke mai gajeren baya nauyinsa kan koma kan tayar baya, ta gaba ta rasa riƙo. Shi ya sa wasu kamfanoni suke ƙara wannan tazara gwargwadon girman keken.

Na uku, wanda aka fi yin kuskure a kai, shi ne tsayin cibiyar feda daga ƙasa. Cibiyar tayar 27.5 ta fi ta 29 kusa da ƙasa da milimita 19. Wanda ya kwafi zanen babban keke ya saka masa matsakaiciyar taya zai tarar feda tana dukan duwatsu, kuma dukan feda a cikin gudu kan jefar da mahayi. Maganin shi ne a ɗan ɗaga cibiyar, a kuma yi amfani da gajeren hannun feda na milimita 165 ko 170.

Sauran kayan suna bin wannan tushe. Shok mai lotsawa milimita 130 zuwa 150 ya wadatar ga irin wannan hanya. Taya mai faɗin inci 2.4 zuwa 2.6, a kan rim mai faɗin ciki kusan milimita 30, tana ba da damar rage iska don ƙarin riƙo. Tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa ruwan roba mai toshe huji da kansa, tana rage zuwa wurin mai faci a ƙasar da ke da ƙaya. Birki ya zama na faifai mai aiki da mai. Wajen giya, kewayen tayar 27.5 ya gaza na 29 da kusan kashi 5 cikin 100, don haka faranti mai haƙori 32 a gaba yana ba da kusan abin da mai haƙori 30 ke bayarwa a babban keke. Gangar jikin kuwa, zaren kabon ya fi sauƙin nauyi amma yana da tsada kuma gyaransa sai ƙwararre; alminiyum ya fi araha; ƙarfe ya fi nauyi, amma mai walda na iya ceto shi.

Kasuwa dai ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Schurter da kansa ya koma inci 29, kuma a kansa ya ci zinare a Rio a 2016. A 2017 manyan tayoyi suka shiga tseren gangara na duniya. A 2019 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta haɗa tayoyi masu bambancin girma, kuma a shekarar Loïc Bruni na Faransa ya zama zakaran duniya a gangara da inci 29 a gaba, 27.5 a baya. Tayar gaba tana haye cikas, ta baya tana ba da fili da saurin juyawa. A yau nan ne matsakaiciyar taya ta fi samun gindin zama, sai kuma a kekunan gajerun mahaya da matasa.

Wannan canji yana da darasi ga mai shirin kashe kuɗinsa a nan gida, ko yana son zagaya tuddan Mpape da Ushafa ne a ƙarshen mako. Kekunan gwanjo masu taya inci 26 sun yi yawa a kasuwanninmu, kuma kayan gyaransu ne aka fi samu a wurin masu gyaran keke. Tayar 26 ba ta hawa rim ɗin 27.5 ko da an matsa. Kafin a biya, yana da kyau a duba lambar da ke rubuce a gefen taya, 559 ko 584 ko 622, a kuma tambayi inda za a samu madadinta idan ta yage. Bayan haka a hau keken, a tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, a sha kwana, a gangara. Daidai ruwa daidai tsaki: idan mahayi gajere ne, ko hanyarsa mai yawan kwana ce, inci 27.5 zai biya masa buƙata. Idan dogo ne mai son cin nisa, babbar taya ta fi masa.