Jinya, Sana'ar da Ake Koyo a Tsaye

Takardar kayan da makaranta ke ba ɗalibar jinya kafin a tura ta asibiti ba ta da tsawo: farin yunifom, agogo mai hannun sakan, ma'aunin zafin jiki, almakashi, biro ja da shuɗi, littafin da za a riƙa sa mata hannu a kan kowane aikin da ta yi, sai takalmi rufaffe. Takalmin ne na ƙarshe a jerin, shi ne kuma na ƙarshe a sayayya, lokacin da aljihun mahaifi ya riga ya yi sanyi. Yarinyar da ta taso daga Kademi ko Toranke, ta samu shiga makarantar jinya ta Madobi ko ta ungozoma a Dambatta, za ta iya ɓata yini a Kantin Kwari tana neman farin yadin da ba ya nuna jiki, ta yi ta ja-in-ja da tela a kan tsawon hijabi. Takalmi kuwa a bakin titi za ta tsince shi, wanda ya fi araha, ba ta ma tsaya gwada ƙafar hagu ba. A ganina an juya lissafin, domin yunifom ido yake yi wa aiki, takalmi kuwa shi zai ɗauke ta daga safe zuwa dare.

Hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke tsara karatun. A tsarin da aka saba shekara 3 ne, a jami'a irin ta Bayero shekara 5. Watanni shida na farko a aji ake yin su, da jarrabawar da ke tankaɗe mutane, sannan a buɗe wa waɗanda suka tsira ƙofar ɗakin marasa lafiya. Daga nan sai zagaye, abin da ɗalibai ke kira fostin: ɗakin maza, ɗakin mata, na yara, tiyata, haihuwa, sashen gaggawa, masu taɓin hankali a Dawanau, masu karaya a Dala, da zaman karkara inda ake koyon rigakafi da awon ciki. Wanda rabonsa ya kai shi gabashin Kano, Babban Asibitin Gaya da ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙasar Ajingi su ne ajinsa.

Gaya garin sana'a ne tun asali. Labarin kafuwar Kano ma da maƙeran Gaya ya fara, Abagayawan da suka bi tama har gindin Dala. Mutumin Gaya ya san ɗan koyo a maƙera ba da guduma yake farawa ba, da zuga yake farawa. Haka jinya take. Ɗaliba ba ta taɓa allura a makon farko. Gyaran gado za ta yi, ta juya tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar don kada bayansa ya yi gyambo, ta auna zafin jiki da hawan jini gado-gado, ta kai fitsari ɗakin gwaji, ta dawo a sake aikenta ɗauko fayil. In likita ya fito zagaye tana bayansa a tsaye. In Sista na tsaye, ita ba ta da kujera, ko da akwai kujerar. Ga masu jinya daga kowane lungu: "Sista, ruwan ya ƙare." "Sista, don Allah zo ki duba Baba, numfashinsa ya canza." Su duk mai farin kaya Sista ce. Aikin dare ya fi kowanne tsawo, yakan kai awa 11 ko 12, kuma daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara da masu jijjiga da masu neman ƙarin jini, zama sai dai a ji labarinsa.

Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, kuma ba ta yafe wulaƙanci. Farko bororo ne a dunduniya, sai kanta a ɗan yatsa, sai wani ciwo da ke sukar tafin ƙafa a takun farko na asuba, sai gwiwa da ƙugu su karɓa. Amma gajiya ba ita ce babbar matsala ba. Abin da ke faɗowa ƙasa shi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ya san in faya ta fashe ba ta zaɓen inda za ta zuba. Jini, amai, fitsari, fasasshiyar kwalbar allura, da ita kanta allurar da ta suɓuce daga tire ta sauko da baki. In allurar ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B, haɗarin kamuwa ga wanda ba a yi wa rigakafi ba yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na ƙanjamau kimanin kashi 0.3 ne. Jama'a sun fi tsoron na biyun, alhali na farkon ya fi kusa. Shi ya sa shirin fostin na gaskiya yake farawa tun watanni kafin ranar: allurar rigakafin ciwon hanta guda uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In kuma tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a faɗa wa shugabar ɗaki nan take, don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Ɗalibai sukan ɓoye don tsoron faɗa. Faɗan shugabar ɗaki na minti biyar ne.

Ma'aikatan jinya sun daɗe suna ɗaukar cuta a bakin aiki. Zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969, a jikin nas-nas na mishan aka fara ganinsa, a garin Lassa da Jos, biyu suka rasu. A Janairun 2020 ya kashe likitoci a Kano.

To wane takalmi? Makaranta launi ta fi damuwa da shi, wata ta ce fari, wata baƙi ko ruwan ƙasa, kuma dole a bi. Sauran sharuɗɗan aikin ne ke gindaya su. Ya zama sau-ciki, gaba a rufe, baya a rufe. Samansa ya zama abin da ruwa ba ya ratsawa, wanda za a goge da tsumma. Nan kambas ya faɗi, duk daɗinsa a ƙafa, don yadi yana shan jini ya riƙe. Crocs da ire-irensa na roba da suka cika gari ba su da nauyi, suna wankuwa, amma masu huji-huji a sama ƙofa ce a buɗe ga allura da ruwa. In za a saya, a nemi marar huji, a kuma sa maɗaurin baya, a daina barinsa a rana don zafi na tsuke shi. Fata ta fi kare ƙafa, sai dai ba ta shiri da bilic, kuma ruwan da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a asibiti, awo 1 na bilicin JIK a awo 6 na ruwa, yana busar da ita ta tsattsage in ba a bin ta da mai. Kwas-kwas ba ya cikin zance. Shafaffe sarai kamar faifai shi ma ba alheri ba ne, a samu ɗan tudu a dunduniya da laushi a ciki.

Sai a kifa shi a dubi ƙasansa, wurin da mai saye ba ya kallo. Daɓen asibiti tayil ne ko siminti mai sulɓi, kullum ana goge shi da ruwa. Ƙasan da ba shi da zane mai zurfi zai kayar da mutum da tire a hannu. Roba mai taushi ta fi kama ƙasa, ba ta kuma ƙara. Mara lafiyar da barci ya ɗauke shi ƙarfe biyun dare bayan ya sha fama, ba ya bukatar jin takun kowa.

A Ƙofar Wambai ana samun na gwanjo masu kyan fata da kuɗi kaɗan, ga kuma masu haɗa sabo a nan cikin kasuwar. Gwanjo yana da tarko guda: wani irin ƙasan takalmi mai kama da soso, in ya daɗe a ajiye, yakan ruɓe daga ciki, ya yi kyau a ido, kwana uku ya fara marmashewa. A lanƙwasa shi da hannu biyu, a danna da farce. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za a riƙa sawa, a bar sararin babban yatsan hannu a gaba. Ƙafar da ta girma cikin silifa a yashin Ajingi faɗi gare ta, yatsunta a baje, kuma takalmi mai tsinin baki ba don ita aka yi shi ba. Kafin a sa, a kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki. Gam ba ya jure zafin Afrilu da ruwan asibiti. Za ka ga mai gyaran ya kafa takalmin a gwiwa, ya tsaga siririyar hanya a ƙasansa, ya soka basilla ya jawo zaren ta ciki, ɗinkin ya nutse yadda ba zai gogi ƙasa ba. Kuɗin aikin bai kai na kwanon abinci biyu ba, amma shi ke raba takalmin wata uku da na shekara biyu.

Fostin ɗin karkara kuma wata ƙasa ce daban. Ranar fita rigakafi zuwa Gafasa ko Balare, ana bayan babur da akwatin sanyi a cinya, a sauka a shiga yashi mai ƙuna, ga tsidau da ƙarangiya, da damina ga taɓo da kunama. Farin takalmin ɗakin haihuwa ba zai dawo fari ba. Mai hali ya yi biyu, na ɗaki da na daji. In amai da gudawa ya ɓarke, doguwar robar nan mai kai ƙwauri ce kaɗai ke aiki, ita ake tsomawa a ruwan bilic a bakin ƙofa.

Akwai abin da littattafan da aka rubuta a Ingila ba su san da shi ba, wato alwala. Mai aikin rana zai cire takalmi ya wanke ƙafa azahar da la'asar, wani lokaci har magariba, ya mayar da ita cikin safa da sauri don ana jiransa. Danshin nan, cikin roba, cikin zafi, shi ke sa tsakanin yatsu ya yi fari ya fara ƙaiƙayi ya daddare. Maganinsa ƙaramin tawul a jaka, safar auduga ta canji, da silifa daban ta zuwa wurin alwala, wadda dama ta raba mutum da kokwanton najasa. Takalmin aiki kuma iyakarsa asibiti, ko leda. Gidajenmu a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo, yara na rarrafe suna kai hannu baki, bai kamata abin da ya taka daɓen ɗakin tiyata ya taka nan ba.

Sabon takalmi ba a fara shi ranar farko. A sa shi a gida mako biyu, awa ɗaya yau, awa uku gobe, a je kasuwa da shi, a gano inda yake cizo tun mai gyara yana kusa, ya jiƙa wurin ya buɗa shi da ƙotar guduma.