2.3 Aikin Sinadaran Tayirod a Jiki da Dangantakarsu da Maƙoƙo a Ƙasar Bagudo

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda sinadaran tayirod suke aiki, domin a fahimci musabbabin ciwon maƙoƙo.

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Ita ce take tsotsar aidin daga cikin jini ta haɗa sinadarai iri biyu, wato T4 mai ƙwayar aidin 4 da T3 mai ƙwaya 3. T4 ya fi yawa, amma T3 ya fi ƙarfi, saboda haka hanta da ƙoda sukan juya T4 ya koma T3. Waɗannan sinadarai su ne suke daidaita saurin da jiki yake ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Ita kuwa tayirod tana karɓar umarni ne daga wata tsoka da ke gindin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, ta hanyar sinadarin TSH. Idan T4 ya ragu a jini, sai TSH ya ƙaru. To, in babu aidin, tayirod ba ta iya cika umarnin, shi kuma TSH bai daina matsa mata ba, har ta kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Illar da ta fi wannan muni kuwa a ɓoye take, domin mai juna biyu da ta rasa aidin tana iya haifar yaro mai raunin fahimta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi maikirogiram 150 a kullum, mai ciki kuwa 250.

A shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin cikin gishirin ci. Sai dai ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma kaya suna ƙetarowa ta garuruwa irin su Lolo da Tsamiya. Duk gishirin da ya biyo ɓarauniyar hanya bai bi ta hannun hukumar NAFDAC ba. Haka nan gishirin da ake kasawa a faranti cikin rana yakan rasa wani kaso na aidin ɗinsa. Saboda haka, a sashe na gaba za a duba irin gishirin da ake sayarwa a kasuwannin wannan yanki.