Yumɓun roba: Yadda ake kwaikwayon murjani, hauren giwa da zinare

Wanda ya ɗauki sarƙar wuya a shagon kayan ado, ya ga jan murjani yana ƙyalli, ko awarwaro mai kalar hauren giwa, ba lallai ba ne abin da ya riƙe ya fito daga teku ko daga daji. Yana iya yiwuwa a kan teburi aka murza shi da hannu, aka gasa shi a tanda cikin rabin awa. Abin da ake yin wannan aiki da shi shi ne yumɓun roba, kuma sanin yadda ake sarrafa shi na da amfani ga mai saye da mai sayarwa.

Duk da sunansa, yawanci babu ƙasa a cikin wannan yumɓu. Garin roba ne na PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, da aka cuɗa da wani mai da ke tausasa shi, aka zuba masa launi. Ba ya bushewa don an bar shi a iska, sai ya sha zafi yake taurara. Yawancin ire-irensa na gasuwa ne a zafin digiri 110 zuwa 150 a ma'aunin Salshiyos, wato zafin da tandar gasa burodi ta gida ke iya bayarwa, alhali tukunyar ƙasa na buƙatar ninkin-ba-ninkin haka.

Asalinsa daga Jamus ne. A ƙarshen shekarun 1930 ya shiga hannun gidan Käthe Kruse, shahararriyar mai yin 'yar tsana, amma bai dace da aikin masana'antarta ba. 'Yarta, wadda ake yi wa laƙabi da Fifi, ita ta inganta shi ta fara sayarwa. Daga baya kamfanin Eberhard Faber ya sayi fasahar, ya fitar da shi kasuwa da sunan FIMO a shekarun 1960. A daidai wannan zamani aka samar da makamancinsa a Amurka mai suna Sculpey. Da farko kayan wasan yara aka ɗauke shi, sai a wajejen 1990 masu sana'ar kayan ado suka rungume shi. Cikin waɗanda suka yi fice wajen kwaikwayon duwatsu da ƙashi da shi akwai Ba'amurkiya Tory Hughes.

Sirrin aikin na cikin wani nau'in yumɓun da haske ke ɗan ratsa shi bayan an gasa. Dutse mai daraja da haure duk suna da wannan hali: haske na ɗan nutsewa a cikinsu kafin ya dawo ga ido. Fenti kaɗai ba ya iya bayar da wannan zurfi.

Idan hauren giwa ake so, sai a murza falle-fallen yumɓu da injin taliya irin wanda matan gida suka sani. A jera falle mai ruwan madara a kan falle mai ratsa haske, a yanka, a sake ɗorawa, a sake murzawa, har layukan su yi siriri kamar zare. Bayan an gasa sai a shafa fenti mai ruwan ƙasa a goge nan take, ya rage a cikin ƴan tsage-tsagen da aka yi da allura. Da haka abin da aka yi jiya ke kama da kayan gado.

Murjani kuwa ana haɗa ja da ɗan ruwan lemo da mai ratsa haske, ba tare da an cuɗa su sun zama launi guda ba, sannan a tsattsaga jikinsa da tsinke don ya yi ƴan ramuka irin na halitta. Shuɗin dutsen nan da ake kira turkuwas, wanda ƙasar Iran ta yi suna a kansa, ana daddatsa yumɓun ne ƙanana, a shafe gutsattsarin da baƙin fenti, a dunƙule su wuri guda. Idan aka goge saman, sai baƙaƙen jijiyoyi su bayyana tamkar na dutsen gaske.

A ɓangaren ƙarafa, ana amfani da garin wani dutse mai sheƙi da ake kira maika. Wani lokaci a shafa shi a saman yumɓun kafin gashi, wani lokaci kuma yana cikin yumɓun tun daga masana'anta. Idan aka yi ta murza shi, ƙananan ɓarɓashin na kwantawa su fuskanci gefe guda, sai fallen ya ɗauki ƙyallin zinare ko azurfa ko tagulla. Akwai kuma salon da aka aro daga maƙeran Japan na ƙarni na 17, wato mokume-gane, inda suke haɗa faifan ƙarfe iri-iri su sassaƙa don a ga zane kamar na jikin katako. Masu yumɓu na yin haka da falle masu launuka da siririn ganyen ƙarfe, su yanko saman da reza. Mataki na ƙarshe a kusan kowane aiki shi ne gugar samfefa a cikin ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a goge da ƙyalle.

Wannan sana'a na da wani amfani da ya wuce ado. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka ƙwace, a Abuja. Jan murjanin Bahar Rum ma girma yake a hankali ƙwarai, ga yawan ɗiba ya rage shi. Kwaikwayo na ba mai son ado abin da idonsa ke so ba tare da an kashe giwa ba.

Matsalar na farawa ne idan aka sayar da kwaikwayo da sunan na gaske. Mai saye na da hanyoyin kare kansa. Na farko shi ne nauyi: zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, azurfa sau 10 da rabi, yumɓun roba kuwa bai kai sau biyu ba. Na biyu shi ne sanyi: dutse da murjani da ƙarfe na da sanyi idan aka ɗora su a kumatu, yumɓun kuma ba shi da shi. Idan aka gwara ƙwaya biyu na dutse sukan yi ƙara mai kaifi, na yumɓu sai su yi amo a dushe. Hauren giwa na gaske, idan aka dubi inda aka yanke shi a gicciye, yana da layuka masu gilma wa juna kamar raga, na kwaikwayo kuwa yawanci a jere suke tafiya. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba sa tona murjanin gilashi, domin shi ma yana da sanyi da nauyi. Don haka kaya mai tsada a kai shi wurin masani kafin a biya, a kuma karɓi rasit da ya faɗi sunan abin da aka saya.

Ga mai son shiga sana'ar, jarin farko ba shi da yawa: yumɓun, injin taliya, reza, samfefa da tanda mai ma'aunin zafi. Amma akwai ƙa'idoji. Idan zafi ya wuce kima yumɓun na ƙonewa ya fitar da hayaƙi mai cutar da ido da huhu, saboda haka a gasa shi inda iska ke shiga. Injin da aka murza shi da shi kada ya koma ga abinci, kuma ba a yin kwano ko kofin sha da shi. A ƙasa mai zafi irin tamu, wanda ba a gasa ba yana iya fara taurara idan aka bar shi a cikin mota ko a shagon kwano, don haka a adana shi a inuwa mai sanyi.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana siffanta kaya da abin da ba shi ba ne. Ɗan kasuwar da ya ce wa mai saye wannan yumɓun roba ne aikin hannu, ya sayar da fasaha a kan farashinta, kuma zai sake ganin mai sayen. Wanda ya kira shi murjani ya ci riba sau ɗaya, ya kuma sayar da mutuncinsa tare da sarƙar.