Gaskit Na Gindin Silinda: A Yanka A Gida

'Yan'uwa manoma, idan babur ɗin ƙungiya ya soma tsiyayar baƙin mai a gindin silinda, sau da yawa gaskit ne ya mutu. Ba sai an bar tumatir yana ruɓewa a fadama an tafi birni nema ba.

A sami takardar gaskit, in babu, kwali mai santsi, ba irin na katan ba. Kaurinsa ya zama daidai da na tsohon, yawanci kusan rabin milimita. A nan ne ake yawan kuskure. In ya yi kauri, inji zai rasa ƙarfi. In ya cika siriri, fistin yana iya dukan kan silinda.

A kankare tsohon sarai, ban da ƙarzar ƙarfen. A shafa giris kaɗan a gindin silinda, a danna bisa takardar, shaida za ta fito. A fara huda ramukan noti tukuna, sa'an nan a yanke sauran. Ƙaramin ramin da mai yake bi zuwa sama fa, kada a manta da shi, gama in ya toshe inji zai ƙone.

A ɗaure notuna a gicciye, kaɗan kaɗan. Amma gaskit na kan silinda, wuta ce a wurin, kwali ba ya jurewa. Wannan kam sai an saya.