Masu Ɗaga Ƙarfe, Ku Koyi Miƙa Jiki

'Yan'uwa ɗalibai, ɗaga ƙarfe ya samu karɓuwa a wurin samarin Tsiga. Wanda ba shi da na kanti sai ya cika gwangwanin fenti da siminti, ya lanƙwasa rodi ya yi masa mariƙi. Irin wannan mai mariƙi shi Turawa ke kira ketilbel, saboda ya yi kama da buta marar baki. Asalinsa ma kayan manoma ne. A Rasha, a ƙarni na 18, da shi aka riƙa awon hatsi a sikeli, kamar yadda ake auna auduga a Funtua. Ma'auninsu guda ya ɗara kilo 16 kaɗan, shi ya sa har yau ake ƙera shi kilo 16, 24 da 32.

Lilo da wannan ƙarfe aikin bayan cinya ne da mazaunai da gadon baya. To ga ɗalibi ya wuni kan benci, ya tashi ya tafi gona ya duƙa da fartanya ko yankan masara. Tsokokin gaban kwankwasonsa da na bayan cinyarsa sun sage. Idan ya sunkuya ɗaukar ƙarfe a haka, cinya ba za ta ba da hanya ba, sai baya ya gantsare ko ya ƙudundune, nauyin ya faɗa wa ƙugu. Nan ciwon bayan da yaro ɗan shekara 16 ke kuka da shi yake farawa.

Kafin a taɓa ƙarfe, ɗumama jiki ake yi na minti 5 zuwa 10: sassarfa, juya kafaɗu, lilo da ƙafa, tsugunawa da tashi. Tsoka mai sanyi kamar robar gwafa ce da ta kwana cikin hunturu, fizga ɗaya sai ta tsage. Tsayawa cak ana jan tsoka fiye da minti ɗaya kafin atisaye kuwa yana ɗan rage ƙarfinta, don haka a bar wannan sai an gama.

Bayan an ajiye ƙarfe, jiki na da ɗumi, lokacin miƙa ke nan. Ɗora diddige kan dakali, gwiwa a miƙe, bayanka a tsaye, ka karkato gaba daga kwankwaso har ka ji bayan cinya na ja. Riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka sauya ƙafa. Sannan durƙusa kan gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse mazaunai ka tura kwankwaso gaba a hankali. Wannan ita ce wadda masu zaman aji suka fi buƙata, kuma ita aka fi mantawa da ita. Kafaɗa kuwa, jawo hannu ya gitta ƙirji ka danne da ɗaya hannun. Kowace a maimaita sau 2 zuwa 4, ana numfashi a natse.

Kada a riƙa dukan jiki gaba da baya da sauri. Tsoka na jin an fizge ta takan ƙanƙame don kare kanta, aikin ya koma baya. Abokin da ke hawa bayanka yana danna ka wai taimako, ka ce masa ka gode. Jan tsoka daidai ne, zafi mai suka kamar allura alamar a dakata ce.

Tsamin jikin da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye ba miƙa ke kawar da shi ba, barci da abinci da ruwa da ɗan tattaki ne. Amma in gaɓa ta kumbura, ko ciwo ya taso daga ƙugu ya gangara ƙafa, ko ƙafa na mutuwa, a sanar da malamin wasanni a tafi asibiti. 'Yan ƙananan aji kuma su fara da abin da bai wuce kilo 4 zuwa 8 ba, malami na tsaye.