Daga tukunyar burkutu a Dogondutsi zuwa gangar katako a Amurka: Abin da ke cikin baƙar giyar da ake yi wa layi

A duk ƙarshen watan Nuwamba, washegarin bikin godiya na Amurkawa, mutane kan yi dogon layi cikin sanyi a ƙofar wasu shagunan birnin Chicago. Abin da suke jira wata baƙar giya ce mai suna Bourbon County Stout, wadda kamfanin Goose Island ke fitarwa sau ɗaya a shekara.

'Yan ci-rani da ke aiki a kantuna da gidajen abinci a Turai da Amurka suna cin karo da irin waɗannan kwalabe kullum. A ido sun yi kama da lemon malta, a jikinsu kuma akan rubuta kofi ko cakulan ko banila. Sai dai abin da ke ciki ya yi nisa da malta, ya kuma yi nisa da giyar da wanda ya tashi a Dogondutsi ko Tibiri ya taɓa jin labarinta a bakin kakanni.

Mece ce imperial stout?

Asalinta birnin Landan ne a ƙarni na 18, lokacin da masu dafa giya suka riƙa yin wata baƙa mai ƙarfi suna aikawa Rasha, har fadar Sarauniya Catherine. Daga nan sunan ya samo tushe. Baƙin nata daga sha'ir yake fitowa, wanda ake gasawa har ya kusa ƙonewa kamar yadda ake gasa 'ya'yan kofi.

A shekarun 1990 Goose Island, wanda a lokacin ƙaramar masana'anta ce, ya fara zuba irin wannan giya cikin gangunan katako da aka taɓa ajiye barasar bourbon. Dokar Amurka ta ce sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta ake ajiye bourbon, don haka tsofaffin gangunan, masu cin kusan lita 200, suka zama abin sayarwa. Giyar kan yi watanni a ciki, wani lokaci fiye da shekara, tana jan ƙamshin itace da ragowar barasar da katakon ya sha.

Masu ɗanɗana ta kan kwatanta kaurinta da na maɗi. Zaƙi ke fara zuwa, da ƙamshin cakulan da banila, sai ɗacin gasasshen hatsi, daga ƙarshe zafin barasa ya sauka a maƙogwaro. A ɗan ƙaramin kofi suke kurɓarta sannu-sannu, saboda barasar cikinta kan kai kashi 14 cikin 100, yayin da giyar kwalba ta yau da kullum take wajen kashi 5.

Giyar Arawa ba ta jiran shekara

A ƙasar Arewa ta Nijar, wato yankin Dogondutsi da Tibiri a jihar Dosso, giya tana da nata tarihin. Nan ne ƙasar Arawa da Gubawa, inda garuruwa irin su Lugu da Bagaji suka daɗe suna riƙe da al'adun Azna. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899.

Kamar yadda yake a wurin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, giyar hatsi a al'adar Azna abin taro ce: biki, gayya, da hidimomin gargajiya. Mata ne ke dafa ta. Sukan jiƙa dawa ko gero, su shanya a inuwa suna yayyafa ruwa har ya yi tsiro, su busar a rana, su niƙa. Sai a dama garin a tafasa, a bar shi ya yi tsami, a sake tafasawa, a tace. Idan ya huce a zuba ɗan ragowar tsohuwar giya, cikin kwana ɗaya ko biyu tukunya ta fara kumfa.

Abin da ke fitowa ruwa ne mai duhu-duhu, ja-ja, mai tsami, ana sha a ƙwarya. Ba ta ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki ta lalace. Wannan ne ya sa ta zama ta jama'a, domin tukunyar da aka buɗe sai an taru a kanta. Sunanta burkutu a ƙasar Hausa, dolo a Burkina Faso, pito a Ghana, cukutu a Benin da Togo.

Yadda zamani ya juya

Yaɗuwar Musulunci ta sauya Arewa ƙwarai a ƙarni na 20. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta fara bincike a Dogondutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta wallafa littafi a 2001 kan yadda bori ya riƙa ja da baya a garin. Da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta tsallako Nijar, wa'azi kan barin al'adun da suka saɓa wa addini ya ƙara ƙarfi. A ƙetaren iyaka kuma, jihohin Kebbi da Sakkwato sun shiga sahun waɗanda suka ƙaddamar da shari'a bayan Zamfara, aka haramta sayar da giya.

Tukunyar ta ja baya, amma kwalbar ta shigo. Kamfanin Braniger ya yi shekaru yana yin Bière Niger mai hoton raƙumin dawa a Yamai. A Najeriya, Guinness ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma baƙar giyarsa tana da barasa kashi 7.5. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na malta suka koma kan dawa. Hatsin da tsofaffin mata ke tsirarwa a bayan ɗaki shi ne yanzu manyan motoci ke kwasa daga kasuwannin Arewacin Najeriya zuwa masana'antu.

Lissafin da ya kamata a sani

Ga Musulmi hukuncin a bayyane yake: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, a ƙwarya yake ko a kwalba mai tsada. Amma ko wanda bai sha ba yana buƙatar sanin lissafin, musamman mai aiki a inda ake sayarwa, ko mai abokin da ya faɗa ciki.

Kwalba mai rabin lita ta giya mai kashi 14 tana ɗauke da mililita 70 na tsantsar barasa. Ƙaramar kwalba mai mililita 330 ta giya mai kashi 5 tana da 16.5 kacal. Ke nan kwalba ɗaya ta baƙar giyar ganga ta zarce huɗu na waccan, ga shi zaƙinta yana ɓoye ƙarfin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a 2023 ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa.

Saboda haka, kafin ku ɗauki baƙar kwalba a kanti a ƙasar waje, ku duba lambar da ke kusa da alamar kashi cikin ɗari. Sunan kofi ko cakulan a jikin takarda ba shaida ba ce. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kuwa man ne abin tsoro.